Babban ambulan a gidan wayar Amurka: wace shaida kuɗinka ke saya?

Shaida iri uku ce mai aika takardu ke nema daga gidan waya, kuma kowace da kuɗinta. Akwai shaidar cewa ka miƙa saƙon a rana kaza. Akwai shaidar cewa ya isa adireshin da ka rubuta. Akwai kuma shaidar cewa wani ya sa hannu ya karɓa. Yawancin wahalar da 'yan'uwanmu mazauna Amurka ke sha wajen aika takardun shige da fice, na haraji, na kotu ko na mai gidan haya, daga cakuɗa waɗannan ukun take tasowa. Mutum ya biya kuɗin ta farko yana zaton ya sami ta uku, ko ya kashe kusan dala ashirin a kan ta uku alhali ofishin da ya aika wa ba ya ko kallonta. Sannan girman ambulan ɗin da taurinsa su ne ke yanke irin shaidar da za a yarda a sayar maka, don haka daga nan ya kamata a fara.

Ambulan ne ko ƙunshi?

Hukumar gidan wayar Amurka, USPS, ta kasa saƙonni gida uku bisa siffarsu. Wasiƙa ba ta wuce inci 11 da rabi a tsawo, inci 6 da ɗaya bisa takwas a faɗi, rubu'in inci a kauri, nauyinta kuma ba ya haura oza 3 da rabi. Da zarar abu ya zarce ɗaya daga cikin waɗannan, ya zama babban ambulan. Shi ma yana da iyaka: tsawo inci 15, faɗi inci 12, kauri uku bisa huɗu na inci, wato kusan santimita 38 da 30 da 2. A ajin First-Class Mail, wato ajin wasiƙu na yau da kullum, nauyinsa ba zai wuce oza 13 ba, kusan giram 368 ke nan. Abin da ya wuce haka ƙunshi ne, ko kuma ya tafi ta Priority Mail, ajin da ya fi sauri da tsada.

A aikace nauyi ne ke fara tsayar da mutum, ba kauri ba. Takardar bugu ta yau da kullum tana auna giram huɗu da rabi, kusan falle shida a oza ɗaya. Idan ka cire nauyin ambulan ɗin kansa, falle saba'in da 'yan kai ne za su cika oza 13, alhali kaurinsu bai kai ko rabin iyaka ba. Kuma sikelin gidan waya ba ya ragi: falle arba'in da ambulan sun kai wajen giram 200, wato oza bakwai da ɗigo, za a caje ka kuɗin oza takwas.

Girma kaɗai bai isa ba. Dole ambulan ya zama mai kusurwa huɗu, mai lanƙwasuwa, kuma kaurinsa ya zama bai ɗaya, kada wani gefe ya ɗara wani da fiye da rubu'in inci. Kana iya gwadawa a gida kamar yadda ma'aikaci zai gwada. Ɗora ambulan a bakin tebur ta dogon gefensa, rabi a kan tebur rabi a waje, ka sa yatsa a tsakiya, inci ɗaya daga bakin da ke lilo, ka danna a hankali. In ya lanƙwasa ƙasa da aƙalla inci ɗaya ba tare da ya lalace ba, kuma babu wani abu mai tauri a ciki, ya tsallake. In ya ƙi, kuɗin ƙunshi za ka biya. Nan ne mutane da yawa ke faɗawa: a saka kwali mai ƙarfi don kada takardar shaidar makaranta ta cukurkuɗe, ko a cusa fasfo a kusurwa ɗaya, ko makulli, ko babban kilif na ƙarfe, sai ambulan ya tashi daga ajinsa. Wanda ya manna kan sarki na kuɗin ambulan ya jefa a akwatin bakin titi, ko dai saƙon ya dawo masa, ko a nemi cikon kuɗi daga mai karɓa. Ofisoshin gwamnati kuwa ba su saba biyan ciko ba.

Wani ƙaramin abu da ya shafe mu: takardun da ake turowa daga Najeriya, Nijar ko Gana a ma'aunin A4 suke, sun ɗan fi takardar Amurka tsawo. A ambulan mai inci 9 da 12 da ƙyar suke shiga, bakinsu na taɓa gam. Mai inci 10 da 13 ya fi musu. Doguwar takardar lauyoyi mai inci 14 kuma tana buƙatar mai inci 10 da 15, wanda shi ne ƙarshen iyaka.

Abin da ya sa duk wannan yake da muhimmanci shi ne, babban ambulan na First-Class Mail ba ya zuwa da lambar bibiya, kuma ba a sayar masa da Signature Confirmation, wato ƙarin da ke sa a karɓi sa hannun mai karɓa. Waɗannan na ƙunshi ne da Priority Mail. In kana son ambulan ɗinka ya tafi a farashinsa mai sauƙi kuma a san inda ya kwana, hanya biyu ce tak: Certified Mail ko Registered Mail.

Certificate of Mailing, mafi araha kuma mafi ƙarancin ƙarfi

Wannan ɗan fom ne mai lamba 3817. Ka rubuta sunanka da adireshinka, da na wanda kake aika wa, ma'aikaci ya buga hatimin ranar ya miƙo maka. Shi ke nan. Ba lamba, ba bibiya, ba sa hannu, kuma gidan waya ba ya ajiye kwafi, in ka yar da takardar shaidarka ta tafi. A farashin Yulin 2025 dala biyu da 'yan kai ne. Amfaninsa yana inda doka ko yarjejeniya ta ce kawai a aika sanarwa ta gidan waya kafin rana kaza. Yana da wani amfani na biyu mai kyau da za mu zo kansa. Amma kada kowa ya dogara da shi shi kaɗai wajen takardar da ɓatanta zai jawo tara ko korar ƙara.

Certified Mail

Shi ne dokin aikin wannan fage tun da aka fito da shi a 1955. Fom ɗinsa mai lamba 3800 ne, kore da fari, kyauta ake ɗauka a zauren gidan waya. Kashi biyu ne: ɓangaren sama mai gam da lambar bibiya, wanda ake mannawa a ambulan, da ɓangaren ƙasa wanda shi ne rasidinka. Abin da kake saya shi ne rasidi mai hatimin ranar miƙawa, da bibiya a intanet, da tabbacin cewa ba za a jefa saƙon a akwati a wuce ba sai an sami mai sa hannu. USPS tana ajiye bayanin isarwar har shekara biyu. Ana haɗa shi da First-Class Mail ko Priority Mail, kuma a cikin Amurka kaɗai yake aiki.

Abubuwa uku ne ba ya yi, kuma ya kamata a faɗe su ƙarara. Ba ya ƙara wa saƙo sauri, tare da sauran wasiƙu yake tafiya, kwana ɗaya zuwa biyar na aiki in ta First-Class ne, har ma neman sa hannun kan jinkirta shi. Ba shi da inshora, in ya ɓace ba diyya. Na uku, kuɗin Certified kaɗai ba ya kawo maka sa hannun, sai dai ka ga an rubuta a intanet cewa an isar. In kana son ganin wanda ya sa hannu da ranar, sai ka ƙara Return Receipt.

Shi kuma iri biyu ne, kuma nan akwai zaɓi na gaske. Koren kati, fom 3811, ana manna shi a bayan ambulan, mai karɓa ya sa hannu, mai raba wasiƙa ya yage shi ya sako maka ta gidan waya. Na lantarki kuma hoton sa hannun ne da adireshin, a cikin wasiƙar USPS da za ka nema ta shafinta da lambar bibiyarka a turo maka ta imel. A Yulin 2025 Certified dala 5.30 ne, koren kati dala 4.40, na lantarki dala 2.82, ozar farko ta babban ambulan kuma dala 1.63. Farashin yana canzawa, galibi a Janairu ko Yuli, don haka a ɗauki waɗannan a matsayin ma'aunin kwatance.

Mu a ganinmu na lantarki ya fi ga yawancin mutane. Koren kati ɗan kwali ne da zai bi injuna ya ratsa ƙasa shi kaɗai: yakan ɓalle daga ambulan tun a hanya, yakan dawo ba sa hannu, yakan dawo ba kwanan wata, wani lokaci ba ya dawowa sam, ko ya je tsohon gidanka bayan ka tashi. Na lantarki ba ya yagewa, kana iya buga kwafi goma. Inda koren kati ya fi shi ne idan kotu ko lauyan da ke riƙe da shari'arka ya ce shi ake so a haɗa da takardun ƙara. Dokokin kotuna sun bambanta daga jiha zuwa jiha, saboda haka a tambayi magatakardan kotu kafin a je gidan waya, ba bayan an dawo ba. In katin da ka biya bai dawo ba, ka koma kantar gidan waya da rasidinka, akwai fom 3811-A na neman bayanin isarwar.

Akwai ƙarin Restricted Delivery, wanda ke nufin ba za a miƙa wa kowa ba sai mai sunan ko wakilin da ya amince da shi. Yana da amfani in kana tsoron wani a gidan ya karɓa ya ɓoye, ko in ana buƙatar a nuna cewa mutumin da kansa ya karɓa. Kada ka saka shi a saƙon da za shi hukuma ko babban kamfani. A can ma'aikacin ɗakin wasiƙu ne ke karɓar ɗaruruwa a lokaci guda, sharaɗin sai mutum kaza ba abin da zai jawo sai jinkiri ko dawowa.

Priority Mail a ambulan mai farashi ɗaya

Ambulan ɗin kwali ne da gidan waya ke bayarwa kyauta, inci 12 da rabi da 9 da rabi, akwai kuma dogo mai inci 15. Duk abin da ya shiga ya rufu da gam ɗinsa, kuɗinsa ɗaya zuwa ko'ina a Amurka, wajen dala goma sha ɗaya a 2025. Yana zuwa da lambar bibiya da inshorar dala 100, galibi yana isa cikin kwana biyu zuwa uku, kuma ba ruwansa da gwajin lanƙwasawa, ga shi kwalin yana kare takarda. Sai dai kwanakin nan kiyasi ne, ba alkawari ba. Kuma in ba ka ƙara komai ba, mai raba wasiƙa zai sa shi a akwati ko ya ajiye a ƙofa, ya danna na'urarsa ya wuce. Kalmar an isar da za ka gani tana nufin na'urarsa ta ce haka, ba wai wani ya riƙa ba. A manyan gidajen haya masu akwatuna jere, inda babban ambulan ba ya shiga ramin, wannan bambancin ba ƙarami ba ne.

Kana iya ƙara masa Signature Confirmation, wajen dala biyar a 2025, ko ka ɗora masa Certified da Return Receipt ɗungurungum. Mu dawo kan falle arba'in ɗin nan don a ga lissafi da farashin Yulin 2025. Ta First-Class kuɗin oza takwas wajen dala uku da rabi ne. Da Certified ya kusa dala tara, da Return Receipt na lantarki ya kusa sha biyu, da koren kati ya haura sha uku. Priority tsurarsa wajen sha ɗaya, da sa hannu wajen sha shida, da Certified da rasidin lantarki wajen sha tara. Wato kuɗin Priority marar sa hannu da na First-Class mai cikakkiyar shaida kusan ɗaya ne. Da kuɗi guda kana zaɓen ko sauri da kariya, ko shaida mai ƙarfi. Idan takardun suka wuce oza 13 kuwa zaɓin ya ƙare, Priority ce.

Priority Mail Express ita kaɗai ce ke da alkawarin rana, in ta saɓa a mayar maka da kuɗinka, kuma kana iya neman sa hannu ba ƙarin kuɗi. Tsadarta ta kai kusan ninki uku na Priority. In ba a sami mai karɓa ba, kwana biyar kawai ake riƙe ta kafin a mayar. USPS Ground Advantage, da aka fara a Yulin 2023, ita ce wurin ambulan ɗin da ya faɗi gwajin lanƙwasawa kuma ba a gaggawa da shi: bibiya da inshorar dala 100, kwana biyu zuwa biyar.

Registered Mail

Mutanen da suka saba da wasiƙar rajista a gida sukan ɗauka ita ce daidai da Certified, su nemi Registered. Ba ɗaya ba ne. Registered ta tsaro ce: saƙon yana tafiya a kulle, duk hannun da ya karɓa sai ya sa hannu, kuma ana iya yi masa inshora har dala 50,000. Dole ka faɗi ainihin darajar abin da ke ciki. A 2025 kuɗinta ya fara ne daga kusan dala ashirin ban da kuɗin aike, kuma saboda wannan miƙa-miƙar hannu da hannu tana iya wuce mako guda, ko da kuɗin Priority ka biya. Bibiyarta ma takan yi shiru na kwanaki.

Tana da ƙa'idojin shiri da ke mayar da mutane gida. Ba a karɓar ambulan mai katifar roba a ciki, ko na leda, ko mai santsi da ƙyalli, ko irin farin nan da ba ya yagewa. Ba a rufe shi da salatif na roba, sai gam ko salatif na takarda, domin ma'aikaci zai bubbuga hatimi a kan kowace mahaɗa yadda in an buɗe za a gane, tawada kuwa ba ta zama a kan roba. Dole a kantar gidan waya za a miƙa, a cike fom 3806. Wannan hanya ta abin da ba a samun madadinsa ce, kamar asalin takardar mallakar gida ko abu mai daraja. Ga takardar da ke da wa'adi, ita ce zaɓi mafi haɗari.

Wa kake aika wa?

Wannan tambayar ce ke warware yawancin zaɓin, domin ofisoshi biyu da muka fi hulɗa da su ƙa'idarsu hannun riga ce.

Hukumar haraji, IRS, ranar hatimin gidan waya take kallo. Sashe na 7502 na dokar haraji ya ce takardar da aka aika a kan lokaci, an shigar da ita a kan lokaci, ko da ta isa bayan 15 ga Afrilu. Dokar ta kuma ba Registered da Certified wani matsayi na musamman: ranar da ke kan rasidin da ma'aikacin gidan waya ya buga wa hatimi ita ce ranar aikawa, kuma rasidin shaida ce cewa an isar, ko da hukumar ta ce ba ta gani ba. Certificate of Mailing ba shi da wannan matsayin, bibiyar Priority tsura ma haka. Don haka ga IRS, First-Class da Certified ya wadatar, sauri ba shi da amfani, Return Receipt kuma ƙarin kwanciyar hankali ne kawai. Sharaɗin dai shi ne hatimin. Wanda ya manna koren fom a gida ya jefa a akwatin titi yana riƙe da rasidi marar hatimi, ya zubar da rabin abin da ya biya.

Maganar hatimi ta ƙara nauyi. A ƙarshen 2025 USPS ta rubuta a ƙa'idojinta cewa ranar da injin ke bugawa a ambulan ita ce ranar da saƙon ya shiga cibiyar tantancewa, wadda ba lallai ta zama ranar da ka jefa shi ba. Saƙon da aka jefa ranar ƙarshe da yamma yana iya ɗaukar hatimin gobe ko jibi. Maganinsa shi ne ka shiga layi, ka miƙa a kanta, ka nemi a buga hatimin hannu a gabanka. Kyauta ne. Kafin ka bar wurin ka duba ranar ta fito sarai, domin hatimin da ya dusashe gardama ce.

Hukumar shige da fice, USCIS, ita ranar karɓa take ƙirgawa. Ranar da ka aika ba ta cece ka ba. In wa'adin amsa wata tambaya da suka turo ya cika ranar Juma'a, saƙonka ya isa Litinin, rasidin Certified mai hatimin Laraba ba zai yi maka komai ba. Nan sauri da bibiya ne ke da daraja: Priority idan akwai sauran mako biyu, Express ko kamfanin jigila idan kwanaki sun ƙure. A kula da adireshi sosai, domin cibiyoyin karɓar takardunsu suna da adireshi biyu: na akwatin gidan waya don USPS, da na titi don FedEx, UPS da DHL, waɗanda ba sa kai saƙo akwatin gidan waya. Adireshin kuma yana canzawa, a duba shafin fom ɗin a ranar aikawa. Ka ɗora fom G-1145 a saman takardun, za su turo maka saƙon waya ko imel idan sun karɓa, kafin takardar I-797C, wato rasidinsu na karɓa, ta iso. Wannan sanarwar tasu ta fi kowane koren katin gidan waya ƙarfi a wurinsu. Kada ka aika asalin takarda sai in an nema.

Masu neman lambar haraji ta ITIN da fom W-7 su ne ke fuskantar aika asalin fasfo zuwa Austin ta jihar Texas. Fasfo a ambulan na takarda yana ɓata daidaiton kauri, kuma yana iya huda kusurwa. A sa shi a ƙaramin ambulan, a manne wannan a tsakiyar falle don kada ya yi yawo, a zuba duka a kwalin Priority, a ɗora Certified. Wanda zai iya zuwa ofishin IRS da ke tantance takardu, ko wurin wakilin da hukumar ta amince da shi, ya fi masa kada fasfonsa ya shiga hanya ko kaɗan.

Sai mutum ɗaya: mai gidan haya, ɗan haya, wanda ake bi bashi. Nan Certified yana da rauni babba, wato mai karɓa na da ikon ƙin karɓa. In ba a same shi a gida ba, a bar masa takardar sanarwa, fom 3849, a riƙe saƙon kwana 15 a gidan waya, in bai zo ba a mayar maka. Mutumin da ya san abin da ke ciki ba zai je ba, mai aikin dare ko direban da ba ya gida ma zai iya rasa shi ba da gangan ba. Har Kotun Ƙolin Amurka ta taɓa maganar a 2006, a shari'ar Jones da Flowers, inda jihar Arkansas ta sayar da gidan wani saboda bashin haraji bayan sanarwar Certified ta dawo ba a karɓa ba. Kotun ta ce tun da jihar ta san saƙon bai isa ba, ya kamata ta ƙara wani ƙoƙari, kuma cikin misalan da ta bayar har da sake aikawa ta wasiƙa ta yau da kullum. Abin da masu wannan aiki ke yi ke nan tun farko: kwafi biyu a rana ɗaya, ɗaya ta Certified da Return Receipt, ɗaya ta First-Class tsura da Certificate of Mailing. Ta biyun ba ta jiran sa hannu, akwatin mutum take shiga. Idan ta farkon ta dawo, kada ka buɗe ta. Ajiye ta a rufe da duk tambarin da aka buga mata, alƙali ko lauya ne zai buɗe.

Shirya ambulan ɗin

Ka kwantar da ambulan ta dogon gefensa. Adireshinka a kusurwar hagu ta sama, na mai karɓa a tsakiya da manyan baƙaƙe, har da lambar ɗaki da lambar yanki. Ɓangaren fom 3800 mai gam ana manna shi a saman ambulan, dama da adireshinka, a naɗe ɗan koren bakin ta kan gefen sama zuwa baya daidai layin ɗigo-ɗigo. A bar wajen inci uku da rabi a kusurwar dama don kuɗin aike. Kada salatif ya hau layukan lambar, na'ura ba ta karanta su da kyau ta cikin ƙyalli. In da koren kati ne, a ɓare siririyar lambar da ke jikin fom 3800 a manna ta a gurbinta a katin, a rubuta adireshin mai karɓa a wannan fuskar, a juya a rubuta naka a ɗaya fuskar. Mantuwa da wannan juyawar ita ce babban dalilin da kati ke ƙin dawowa, ba shi da inda za shi. Ambulan mai ɗan maƙalin ƙarfe a baki, a kwantar da ƙarfen a rufe shi da salatif, don yana kama inji ya yage. Mai aika guda uku ko fiye a lokaci ɗaya yana iya jera su a fom 3877 a buga masa hatimi ɗaya.

Duk hanyoyin nan babu wadda ke shaida abin da ke cikin ambulan. Mai karɓa zai iya cewa takarda ɗaya ya gani, ko shafi na bakwai babu. Abin da ke toshe wannan ƙofa shi ne ka ɗauko fom 3800 tun kafin ranar, ka rubuta lambarsa a saman wasiƙar da ke gaban takardun, ka jera sunayen abin da ka haɗa da yawan shafukansu, sannan ka ɗauki kwafin komai yadda yake kafin ka rufe. Yanzu lambar ta ɗaure wasiƙar da rasidin da sa hannun wuri ɗaya. Farin rasidin da injin kanta ke fitarwa yana gogewa cikin watanni, musamman a aljihu ko cikin mota, a ɗauki hotonsa a ranar. Shafin bibiya ma a buga shi da zarar an isar, don ba ya dawwama.

Zuwa Kano, Yamai ko Akara kuwa, Certified ba ya fita Amurka. Abin da ke akwai shi ne First-Class Mail International da Registered, da katin sa hannu mai ruwan hoda, fom 2865, a ƙasashen da ke karɓarsa. Babban ambulan a wannan ajin takardu kaɗai yake ɗauka, kuma bai kai oza 16 ba. Akwai kuma Priority Mail International da Express ɗinta. Da saƙon ya sauka, bibiya da sa hannu sun koma hannun gidan wayar ƙasar, NIPOST ko Niger Poste ko Ghana Post, don haka a rubuta lambar wayar mai karɓa a jikin ambulan, a kuma tura masa lambar bibiyar ya je ya tambaya da kansa. USPS kan dakatar da aike zuwa wasu ƙasashe saboda rikici ko rashin jirgi, jerin yana shafinta, a duba kafin a biya. Takardar da ake jira a ofishin jakadanci ko makaranta a rana tsayayya, kamfanin jigila mai ofishi a garin mai karɓa ya fi dacewa da ita, ko da kuɗinsa ya ninka sau da yawa.